Ranar da Baffa Mati Ya Kai Ragon Suna

A gidanmu, in kana so ka yi asarar yini guda, ka tambayi Baffa Mati lafiyar motarsa. Baffa Mati ƙanin Babanmu ne, motar kuwa wata tsohuwar akori-kura ce da Kakanmu ya rasu ya bar musu su biyu. Shi yana kiran ta Dattijuwa. Batirinta ya mutu tun ban shiga firamare ba, saboda haka ba ta tashi sai an tura. Ƙofar fasinja da igiya ake riƙe ta. Babban ciwonta kuma shi ne ba ta silo. Da ya taka birki ya tsaya, sai ta yi tari kamar tsohuwa ta shaƙi barkono, ta mutu. Sai kuma wani turin.

Duk da haka, ba wanda ya isa ya taɓa ta da baki.

Ana cikin damina matar Yaya Uwaisu, Raudatu, ta haihu a gidan iyayenta a Bagwai, kuma can za a raɗa suna. Baba ya daɗe yana kiwon wani farin rago don wannan rana, rago har da gemu. Ana gobe suna sai ga Jamil ɗan Gwaggo daga Kano da sabuwar mota baƙa, gilas ɗinta ma baƙi, ba ka jin kukanta sai dai ka gan ta a gabanka. Yara suka yanyame ta suna duba haƙoransu a jikinta.

Baffa Mati ya fito, hannu a baya, ya zagaya ta kamar mai tayin saniya.

Jamil ya ce, "Kawu, shigo ka ji esi."

"In ji me? Iskar gwangwani? Ina giyarta?"

"Otomatik ce Kawu, da kanta take canzawa."

"Da kanta! To kai meye aikinka a ciki? Kai ma fasinja ne, an ba ka sitiyari ka riƙe don kar ka yi kuka."

Mutanen da ke zaune a dakali suka kwashe da dariya. Wannan dariyar ce ta ƙara masa mai.

"Yaro, tuƙi ba sauri ba ne. Tuƙi shi ne gwiwar hannunka a taga, iskar Allah tana kaɗa maka riga, ka hango mutum ka danna masa ham, ka ce sannu da aiki, ya ce a sauka lafiya. Ku kuwa kun kulle kanku a baƙin gilas kuna wuce mutane kamar an sato ku. Ni daga nan har Bagwai babu gidan da bai san kukan Dattijuwa ba."

Wani ya ce, "Babu kafaɗar da ba ta san nauyinta ba dai."

Baffa ya yi kamar bai ji ba. Ya juya wajen Baba ya ce shi zai kai rago. Wai ragon suna ba a sa shi a but kamar kayan gwanjo, a buɗaɗɗiyar mota ake kai shi, duniya ta gani.

Baba dama ya gaji da Dattijuwa. Ta tare ƙofar gida, nan yake so ya kafa rumbu, ga Nababa ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, kullum sai ya biyo yana leƙa ƙarƙashinta yana lashe baki. Sai Baba ya ce, "Na yarda. Amma ka ji da kyau, Mati, a gaban mutane nake faɗa. In liman ya zauna ragon nan yana Bagwai, motarka ta zauna har ta ruɓe, ba zan ƙara magana ba. In liman ya zauna babu rago, ka kunyata ni gaban surukai, to nan take Nababa zai ɗauke ta."

Baffa ya bugi ƙirji har sai da ya yi tari. "Yaya, in ban riga wannan akwatin gawar isa ba, ku canza min suna tare da na jariri."

Sauran labarin daga bakin matarsa, Inna Maijidda, muka ji shi, don ita ce ta zauna a gaba tana riƙe da igiyar ƙofa.

Ana idar da sallar asuba aka ɗora rago a baya aka ɗaure. Mai turi na farko da ya bayyana Nababa ne, da buhu a kafaɗa.

Baffa ya ce, "Kai kuma wa ya kira ka?"

"Taimako na zo yi, Malam Mati. Zumunci."

"Buhun na meye?"

"Ko da wani abu zai faɗo."

Aka tsayar da maƙwabta da ke kan hanyar gona da fartanyu a kafaɗa, suka sa hannu. Dattijuwa ta yi gurnani, ta yi atishawa, ta tashi da baƙin hayaƙi. To a wajenmu ka'ida ce tun ta kaka da kakanni, wanda ya tura mota ya hau. Ba a tambaya, ba a hanawa. Sai kowa ya ɗafe, Nababa ma ya haye ya zauna kusa da rago yana ƙwanƙwasa bodi da ɗan yatsa yana kasa kunne.

Da farko abin gwanin sha'awa. Baffa ya fito da gwiwar hannu, hula a karkace, yana ta ham. Mata masu tallar koko ya gaishe su, mai jaki ya gaishe shi, har wani mutum-mutumi da aka kafa a gonar gero sai da ya ce masa sannu da aiki.

"Kin gani, Maijidda? Wannan shi ne tuƙi."

"Na gani, Malam. Hannuna dai ya fara sagewa."

Ba a yi nisa ba aka fara dukan rufi daga baya.

"Malam Mati, ga gonata! Tsaya in sauka!"

Baffa ya leƙo da kai. "Ba a tsayawa! Ka dira!"

"In dira a ina? Gudu kake!"

"To na rage. Dira da ƙafar dama!"

Mutumin ya yi bisimilla ya dira, ya faɗa cikin ƙaya, fartanyarsa ta bi shi. Sauran da suka ga yadda yake birgima yana kiran sunan uwarsa sai kowa ya gyara zama. Haka suka riƙa kallon gonakinsu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Wani har ɗaga wa ɗansa hannu ya yi ya ce, "Ka fara, ina zuwa!"

Can wani abu ya yi ƙwal a ƙasa. Nababa ya miƙa fartanyar wani ya janyo shi ya jefa a buhu.

Baffa ya ce, "Meye wannan?"

"Ba komai, wutsiyar salansa ce."

"Ajiye min ita!"

"Ai ajiya nake."

Suna karya kwana sai ga ƙauyen su Inna Maijidda. Ga kuma mahaifinta, Malam Tahir, zaune kan buzu a gindin tsamiyar bakin hanya, yana jan carbi. Mutum zai iya wuce kowa da ham, amma ban da suruki. Suruki sai an sauko, an cire takalmi, an durƙusa.

Inna Maijidda ta ce, "Ga Baba. Tsaya."

"In na tsaya ta mutu."

"To ta mutu mana! Ubana ne fa. Wallahi ka wuce shi, na saki igiyar nan."

Baffa ya share gumi. Sai kawai ya murɗa sitiyari ya sauka daga hanya, ya fara zagaye tsamiyar. Da ya zo saitin tsohon ya ƙwala, "Baba, ina kwana!"

Kafin Malam Tahir ya ɗago kai mota ta zagaya baya. Ya juya hagu, ta fito ta dama.

"Lafiya lau. Wa ke nan?"

"Mati ne, Baba!" Ya sake ɓacewa bayan tsamiya.

Da ya dawo, "An tashi lafiya?"

Zagaye na gaba, "Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Kai Mati, ɗawafi kake yi ne?"

"A'a Baba, gaisuwa ce! Ya ƙafar?"

Na baya kuwa jiri ya fara ɗibar su. Rago ya ware ƙafafu yana kuka, wani ya rungume shi yana salati. Mutanen ƙauye suka firfito, mata suna leƙe ta saman danga, kaji suna tashi sama.

Inna Maijidda ta ce cikin haƙora, "Wannan ba gaisuwa ba ce. Ko rusunawa ba ka yi ba."

"Rusunawa? Yanzu kuwa."

Da ya sake zuwa saitin surukinsa sai ya cire hula, ya dunƙule hannu, ya sunkuyar da kai har ƙarƙashin sitiyari don ladabi. Ladabin ya yi kyau, sai dai mai ladabi ba ya ganin gabansa. Dattijuwa ta miƙe ɗoɗar ta shiga gonar gyaɗa, ta hau kunya ta sauka, ta hau ta sauka, ta yi tarinta ta mutu.

Malam Tahir ya taso da sandarsa a hankali ya iso taga. "Yawwa. Yanzu ka zo gaisuwa."

Ya fara daga farko. Ya tambayi lafiyar Babanmu, ya tambayi ta Innarmu, ya tambayi mai jego da jariri, ya tambayi yara da sunayensu, ya tambayi wata saniya da aka sayar tun bara. Baffa yana durƙushe cikin gyaɗa yana "lafiya lau, lafiya lau," idonsa na kan rana da ke ta ɗagowa.

Sai da aka tara samarin ƙauyen kafin a fito da motar. Malam Tahir ma ya ɗora kan sandarsa a bodi ya ɗan dangwala. Tana tashi kowa ya haye, shi kuma ya ja igiyar ƙofa ya shige kusa da 'yarsa.

Baffa ya ce, "Baba, ina zuwa?"

"Na tura ai. Dama ina so in ga jaririn."

Yanzu mota ta cika maƙil, wasu a zaune, wasu a tsaye, wasu ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a iska. Baffa kuma ga suruki a gefe, ba damar zagi, ba damar tsaki. In giya ta ƙi shiga sai ya ce, "Haba Hajiya, don girman Allah."

Malam Tahir ya ce, "Da wa kake?"

"Da mota, Baba. Muna magana da ita. Abin da 'yan zamani ba su sani ba ke nan."

Gaba kaɗan akwai wani kwari da ruwa ke kwanciya, da wani gawo a bakinsa. Inna Maijidda ta ce ya bi ta gefe inda amalanke ke bi.

Ya ce, "Gefe na masu otomatik ne. Ki riƙe igiya ki ga aikin maza."

Ya taka totur ya afka tsakiya. Taɓo ya yi sama ya sauko kan na baya. Dattijuwa ta yi iyo kaɗan, ta nutse har cibiya, ta yi shiru.

Nababa ya ce, "A jiƙe ma ina saye."

Baffa ya fito ya tattare riga yana ba da umarni kamar mai unguwa. "Kowa ya sauka! A rage mata nauyi! A sauke komai!"

Aka sauke taya safaya, aka sauke jarka, aka sauke rago aka ɗaure shi a gindin gawo. Masu noma a gonakin kusa suka taho taimako. Aka sa ƙirare a ƙarƙashin taya, aka yi kabbara, aka tura. Ta ƙi. Aka sake. Takalmin wani ya tafi har yau ba a gan shi ba. A na ƙarshe ta zabura ta fito, ta kama da wata irin ƙara kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse.

Baffa ya ƙwala, "Ku hau! Ku hau! Ba tsayawa!"

Ai kuwa aka bi ta da gudu. Na da suka hau, sababbi suka hau, wannan ya ja wancan. Nababa ya wurga taya safaya ciki ya bi ta, don shi ƙarfe ba ya wuce shi.

Da suka ɗan natsa Inna Maijidda ta waiga. Ba ta ga komai ta gilas ɗin baya ba sai ƙafafu da taɓo.

"Malam, ragon yana ciki kuwa?"

"Yana ciki mana."

"Ka gan shi?"

"Sai na gani? A sitiyari nake jin nauyinsa. Direban gaske ko kaza aka rage masa a mota sai ya sani. Ke dai riƙe igiyarki."

A ƙofar gidan su Raudatu an shimfiɗa tabarmi, maza sun zazzauna cikin manyan riguna, ana raba goro da alawa. Liman ya iso, mahauci yana gefe yana wasa wuƙa. Sai aka ji ham tun daga bakin kasuwa. Ga Dattijuwa tafe, taɓo har rufi, bayanta cike da mutane masu tsumman gona da fartanyu. Wasu baƙi suka miƙe, sun ɗauka rikicin gona ne ya biyo wani. Baffa ya fara famfa birki tun daga nesa, bai kama ba sai da ta bi ta kan takalman jama'a da aka jera, ta murƙushe buta, ta tsaya dab da tabarmar liman.

Ya fito yana gyara hula. Ya duba hagu, ya duba dama, babu baƙar mota. Sai ya ɗaga hannu sama.

"Jama'a ku shaida! Ina mai esi? Ina otomatik? Tsohuwar mota ta riga ta! Na gaida surukina, na ɗauko shi, na rage wa bayin Allah hanya!"

Daga baya wani ya ce, "Ka ƙara mana dai."

Yana cikin haka motar Jamil ta sulalo ta tsaya. Baba ya fito yana hamma, sanyi ya sa shi barci. Aka gaisa, aka zauna. Liman ya gyara rawani ya ce, "To, alhamdu lillahi. A kawo ragon."

Baffa ya tafa hannu. "Ku sauko da shi a hankali, kar ku ɓata masa gemu."

Mutane suka fara sauka. Suka yi ta sauka. Mahaifin Raudatu yana kallo yana lissafin wainar da aka soya. Da na ƙarshe ya diro, ba abin da ya rage a bayan mota sai taya safaya, da guntun kashin rago, da Nababa zaune kan buhunsa.

Baba ya ce, "Mati."

"Na'am, Yaya."

"Ina ragona?"

Baffa ya leƙa ƙarƙashin mota. Ya ɗaga taya safaya. Har buhun Nababa sai da ya buɗe.

Malam Tahir ya ce, "In farin nan ne mai gemu, yana gindin gawo. Na gan shi ta madubi yana kallon mu."

"Baba! Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ka ce kana jin nauyinsa. Na ce to, ƙila wani ne."

Jamil ya dafe kai. "Au! Shi ya sa wasu mata suke ta ɗaga min hannu a wajen kwarin nan suna nuna bishiya? Na ɗauka so suke in ɗauke su, ga taɓo a ƙafarsu."

Baba ya yi salati. "Ni ma na buɗe ido na gan shi. Na ce ikon Allah, ga rago kamar nawa, sai dai wannan baƙi ne. Ashe gilas ɗinka ne!"

Nan take Baffa ya farfaɗo. "Kun ji ko! Kun ji da kunnenku! Da ya sauke gilas ya ce sannunku da aiki, da yanzu rago yana nan. Laifin motar zamani ne! Abin da nake faɗa tun jiya!"

Liman ya ce, "Shi ya wuce rago bai sani ba. Kai fa?"

Wurin ya ɓarke da dariya, har mata a cikin gida ana jin shewarsu. Mahauci ya mai da wuƙarsa kube. Baba bai yi dariya ba. Ya tura Jamil ya koma ya ɗauko rago, kuma ya ce a kujerar baya zai sa shi, ya kunna masa esi, sannan ya dawo ya mai da manoman nan gonakinsu da taɓonsu da komai. Jamil ya tafi kamar zai yi kuka.

Sannan Baba ya juya. "Nababa, taka ce. Ɗauke ta daga gabana."

Baffa ya riƙe rigar Baba. "Yaya, motar Babanmu ce fa."

"Da Baba yana raye da shi zai fara sayar da ita."

Nababa ya shige gaba yana murmushi, ya ɗaure ƙofa, ya kama sitiyari. Ya leƙo ya ce, "Jama'a, a taimaka da turi."

Ba wanda ya motsa. Manoman sun samu waina da miya, kuma kowa ya rantse ba zai ƙara taɓa motar nan ba ko a mafarki. Baƙi kuma suna ta neman ragowar takalmansu.

Baba ya ce, "Mati, kai ka kawo ta ƙofar mutane, kai za ka fitar da ita."

Baffa ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Inna Maijidda. Ya je baya ya dafa bodi, ya kwantar da kumatunsa a kai yana yi mata raɗa. Allah ya sa layin gangare ne. Ya tura, ya tura, jijiyar wuyansa ta tashi. Dattijuwa ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama.

Sai gani aka yi Baffa ya ɗafe ya haye baya.

Nababa ya leƙo ta taga. "Malam Mati, sauka! An sayar fa!"

"Na tura ko ban tura ba?"

"Ka tura, amma ai..."

"To na hau."

"Wallahi zan tsaya in sauke ka!"

Baffa ya gyara tsayuwa, ya riƙe ƙarfen rufi da hannu ɗaya.

"Tsaya mana."

Nababa ya dubi birki, ya dubi layin da babu kowa sai awaki, ya ƙara taka totur. Har suka sha kwana ana jiyo muryar Baffa yana yi wa mutanen Bagwai sannu da aiki.